Mai son tseren mota ya fara da robobi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ranar ɗaurin aure ya ga samari na wasan mota, taya na kuka, ƙura na tashi, yara na kutsawa gaba, ya san muna da sha'awar abin. Tsari ne ba mu da shi. In an kwashi wani zuwa asibiti sai mu ce a hana, kuma har yau bai hanu ba.

A Amurka ma akwai masu irin wannan zafin jinin, sai dai an yi musu hanya. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, tana shirya wasan da ake kira otokuros. Ana samun babban filin ajiye motoci ko filin jirgin sama, a jera robobi masu tsini irin na masu aikin hanya, su zama lungu da kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, abokin karawarta kuwa agogo ne. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya ba, yawanci a giya ta biyu. Ka ture roba, a ƙara maka daƙiƙa 2. Hukuncin ke nan, ba karaya, ba jana'iza.

Abin da ya fi burge mu shi ne ƙofar a buɗe take. Motar da kake zuwa aiki da ita ta isa, in dai tayoyi da birki lafiya lau, batir a ɗaure, an kwashe tarkacen ciki. Lasisin tuƙi da hular kwano, ita ma sau da yawa a ba ka aro. Kafin a fara, kowa ya taka hanyar da ƙafa ya haddace ta. In ka gama naka kuma, kai ne za ka tsaya a rana kana tayar da robobin da wasu suka zubar. Mai mota ta miliyoyi ma sai ya yi wannan aikin, kuma muna ganin nan ne girman kai ke mutuwa. Gasar ƙasa da ake yi duk shekara a Lincoln ta jihar Nebraska tana tara direbobi sama da 1,000.

Akwai mataki na gaba: ranakun da ake buɗe filayen tsere na gaske ga talakan direba, kamar Silverstone a Ingila, ko Nürburgring a Jamus mai tsawon kilomita 20.8. Da daɗi, amma mu ba mu yarda sabon shiga ya fara daga nan ba. Gudun ya ninka, birki da taya suna cinyewa da wuri, kuma inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a can. Ka daki katanga, aljihunka ne.

Masu kushe otokuros suna cewa ka yini a fili don tuƙin minti biyar ko shida. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma a mintocin nan ne mutum ke sanin inda taya ke sakin ƙasa, ya koyi kallon kwana ta gaba maimakon hancin motarsa.

Filayen da babu kowa a cikinsu ranar Lahadi ba su yi mana ƙaranci a Kano ko Kaduna ba. Robobi, agogo, igiyar tsare 'yan kallo da izinin hukuma, kuɗinsu bai kai na tayoyin da ake ƙonawa a biki ɗaya ba.