Uwargida, Kai 'Yarki Ta Ga Ƙauyenku

 Yau maganarmu a kan ziyarar ƙauye ce, kuma da ke nake, uwargida, ke da aure ya kawo ki birni. Har ila yau da ke nake, 'yar makaranta, wadda in an tambaye ki garinku sai ki ce Katsina ko Kano, alhali kuwa kakanninki suna can Tsaskiya, ko Runka, ko wani ƙauye na ƙasar Safana da Batsari.

Shawarata ita ce, duk matar da ke da dangi a ƙauye ta yi ƙoƙari ta kai musu 'ya'yanta ko sau ɗaya a shekara, muddin hanya ta yi kyau. Aika kuɗi ta waya alheri ne, amma kuɗi ba ya durƙusawa ya gai da tsohuwa. Tun tuni aka ce zumunta a ƙafa take.

Na san za ki ce akwai tsoro, kuma kina da gaskiya. Ƙasar Safana da Batsari tana bakin dajin Rugu ne, ta kuma sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari. A watan Afrilu na wannan shekarar aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A 2021 har layukan waya gwamnati ta sa aka rufe na wasu watanni a wannan yanki, mutum ba shi da halin jin muryar mahaifiyarsa. Daga baya, a 2023, gwamnatin jihar Katsina ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana.

To, amma mu tuna, mutanen da muke tsoron yini ɗaya a wurinsu, su a nan suka kwana duk shekarun nan. Gwaggonki ta yi jego a cikin wannan hali, ta yi zaman makoki a cikinsa. In 'yan bindiga sun raba su da shanunsu, kada mu kuma mu raba su da danginsu.

Ba cewa nake ki rufe ido ki kama hanya ba. Al'amarin tsaro yau fari ne gobe baƙi, saboda haka mutanen garin su ne alƙalai. Ki yi shawara da maigida, sa'an nan ku tambaye su tun ana gobe, ku sake tambaya da safiyar tafiya. In sun ce a zo, ku tashi da hantsi, ku juyo kafin la'asar sakaliya. Ki bar gwal ɗinki a akwati, ki bi babbar hanya, kada direba ya ce zai yanke ta daji. In kuwa sun ce a dakata, to, a dakata, ba gardama. Sai ki nemi danginku da tashin hankali ya kora zuwa Dutsin-Ma ko Batsari ko Katsina, ki kai musu ziyarar can, don su ma sun fi kowa bukatar ganin nasu.

Wata za ta ce, me ke akwai a ƙauye da yara za su gani? Haba 'yar'uwa! Mai zuwa Tsaskiya daga Katsina yakan bi ta Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60. Nan yara za su ga babban dutsen da garin ya samo sunansa, wanda aka ce wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a wurin. Kusa da nan akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe aikin kai ruwanta birnin Katsina. Ta wajen Batsari kuma akwai tsohon garin Ruma, wanda hakimin Batsari ke riƙe da sarautarsa, watau Sarkin Ruma, kamar yadda hakimin Safana yake Yariman Katsina. Dajin Rugu dai a bar shi a bakin tsofaffi, su ba da labarinsa, ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Amma babban abin kallo shi ne ƙauyen kansa. Yarinyar da ta san daddawa a cikin leda kawai, bari ta ga itacen ɗorawa, ta ga kalwa, ta ga kwanakin da ake yi kafin ta zama abin miya. Bari ta ga rumbu, ta riƙe taɓarya, ta ga sussuka da shiƙa da surfe, ta san wahalar da ke cikin ƙwaryar fura guda. Ke 'yar makaranta, tafi da littafin rubutunki. Ki tambayi Kaka sunayen itatuwa, kuka da tsamiya da kanya da aduwa da magarya, ki kuma tambaye ta abin da ya sa manomi ba ya sare gawo. Za ta gaya miki da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. Ki rubuta sunayen kakanninki da inda suka fito, don ranar da tsohuwar nan ta kau, babu inda za ki same su.

Saura ladabi. Kada ki je da yanga, kina toshe hanci, kina gyara wa mutane magana. Ki durƙusa ki gai da Inna da Kawu, ki shiga gida gida. Abin da aka ba ki ki karɓa da hannu biyu, in ruwan ne bai yi miki ba ki tafasa wa yara ba tare da surutu ba. Tsaraba kuma ta zama mai amfani, sabulu da gishiri da sukari da turmin atamfa, da littattafai da fensir don yaran gidan. Kada kuma ki yi ta tambayar matar da aka taɓa sacewa abin da ya same ta. In ta so faɗi, ki saurara, in ta yi shiru, ki bar ta.

'Yan'uwa, 'yar da ba ta san gidan kakanta ba, gobe ba za ta kai nata 'ya'yan gidanki ba. Hutun makaranta na zuwa, sai a fara tambayar hanya. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.