Darasin Bomoanga: a lokacin rikici, wa ke sauraren Allah?

A daren 17 ga watan Satumban 2018, ƴan bindiga suka shiga ƙauyen Bomoanga da ke yankin Makalondi, kusa da iyakar Burkina Faso, suka yi awon gaba da Fada Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan ƙasar Italiya da ya shafe shekaru 11 yana aiki cikin Gurmawa. Sai a watan Oktoban 2020 aka sako shi a Mali.

Bayan fitowarsa, ya bayyana cewa ya yi kuka yana tambayar Allah dalilin da ya sa ya yashe shi, bai kuma ji komai ba sai shirun hamada. Da tsumma ya ƙulla carbi yana addu'a. Abin da ya fito da shi daga wannan shiru shi ne yafiya ga waɗanda suka ɗaure shi da sarƙa.

Wannan matsayi yana da tushe a koyarwar cocinsa. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin annabi Iliya a dutsen Horeb, lokacin da ake neman ransa: guguwa ta wuce, girgizar ƙasa ta biyo, sannan wuta, amma muryar Allah sai a cikin sanyin murya ta zo masa. Shi ma Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya shawarci mabiyansa da kada su sauya ƙudurin da suka riga suka ɗauka a lokacin da zuciya ke cikin ƙunci, domin a nan ne mutum ke ɗaukar fushinsa a matsayin umarnin Ubangiji.

Nijar ta san farashin wannan kuskure. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutane 10 suka rasa rayukansu. Shugabannin Katolika sun kira mabiyansu ga addu'a da yafiya. Da ramuwa suka zaɓa, da yau wani labari ake bayarwa.

Wasu za su ce shiru tsoro ne, kuma yafiya na ƙara wa azzalumi ƙarfin gwiwa. Suna da hujja idan shirun ya zama hanyar rufe bakin wanda aka zalunta. Amma saurare ba ya hana neman haƙƙi a gaban shari'a. Abin da yake hanawa shi ne a yanke hukunci da tafasasshiyar zuciya, sannan a jingina shi ga Allah. Musulmi ma ya san haka, shi ya sa yake istihara kafin babban lamari.

A yau da saƙon murya ɗaya na WhatsApp ke iya tayar da unguwa, ko daga Abijan ko Tripoli aka turo shi, ya kamata matashi ya dakata kafin ya tura wa wani, ya tambayi kansa: wannan muryar zuwa ina take kiransa? Idan zuwa gidan maƙwabci ne da ashana a hannu, to ba daga Allah take ba.