Hukuncin Mazauni Ga Ɗalibin Musaya

Tun shekarar 1987, sa'ad da ƙasashen Turai suka kafa shirin musayar ɗalibai da suka raɗa wa suna Erasmus, don tunawa da wani shaihin malami mutumin Rotadam wanda ya yi rayuwarsa yana bin ilimi daga Faris zuwa Ingila da Italiya, al'adar aika ɗalibi ya yi zango ɗaya ko biyu a jami'ar wata ƙasa, sa'an nan ya komo a lissafa masa abin da ya karanta can tamkar a gida ya karanta shi, ta kafu ƙwarai har ta zama ruwan dare. A shekarar farko ɗalibai dubu uku da 'yan kai ne suka fita, daga ƙasashe 11. Yau kuwa maganar miliyoyi ake yi, kuma tun 2015 an buɗe ƙofa ga jami'o'in da ke wajen Turai, har da na Afirka, ta yadda yaro daga Zariya ko Yamai, muddin jami'arsa ta ƙulla yarjejeniya da wata a can, yana iya wayar gari a Hambug ko Barlin. A kan wannan yaro nake so mu tattauna a wannan mako, kuma Jamus zan ɗauka misali.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san cewa, a mazhabar Imamu Malik, wanda ya yi tafiyar mil 48 yana da rangwamen yin kasaru, amma da zarar ya ƙudurta niyyar zaman kwana huɗu a wani gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika salla kamar kowane ɗan gari. To, ɗalibin da zai yi wata biyar ko shida a wuri guda mazauni ne a shari'a, kuma ra'ayina shi ne ya kamata ya zama mazauni a zuciyarsa da ɗabi'unsa. Galibin asarar da ake yi a irin wannan fita tana faruwa ne domin yaro ya sauka da tunanin matafiyi, wanda ba ya kwance kaya, ba ya sanin maƙwabci, kullum idonsa na kan hanya.

Mu fara da karatu, tun da shi ne farilla, yawon buɗe ido kuwa nafila. Kafin ɗalibi ya tashi, shi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi sukan sa hannu a kan takardar da ta jera darussan da zai ɗauka, kuma cikakken zango a ma'aunin Turai kiredit 30 ne, kowane kiredit yana tsaye a madadin aikin awa 25 zuwa 30. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: awa 750 zuwa 900 ke nan, watau aikin ma'aikaci na yini cur, mako bayan mako. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, a manyan laccoci da yawa na jami'o'in Jamus ba a kiran suna, ba mai tambayar inda ka shiga, kuma sau da yawa jarrabawa guda ce tak a ƙarshen zango take yanke hukunci a kan darasi baki ɗaya. Zangon hunturu yana farawa cikin Oktoba, laccoci su ƙare cikin Fabrairu, jarrabawa ta biyo baya. Yaron da ya saba da malami mai tsawa da gwaji kowane wata yakan ɗauki wannan sake a matsayin hutu, alhali kuwa amana ce aka damƙa masa, kuma ranar hisabinta tana nan tafe.

Ita kuwa tafiya, ba zan zargi matashin da ta ja hankalinsa ba. Wanda ya sha wahalar neman biza, ya ga yau da izinin zamansa na Jamus yana iya ƙetara iyakokin ƙasashen Turai na yankin Shengen, ga jiragen sama masu arha, ga tikitin ɗalibai na jiragen ƙasa, lalle zai so ya ga Faris da Roma kafin damar ta kuɓuce. Gani ya kori ji, ba musu. Sai dai gani iri biyu ne. A 1855 wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya bi Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, har zuwa Turai, kuma labarinsa, wanda malamin mishan Schön ya rubuta daga bakinsa aka buga cikin Magana Hausa a 1885, har yau ana karanta shi, domin ya zauna cikin mutane ya lura da gidajensu da yadda suke zama cin abinci. Wanda ya kwana bibbiyu a birane goma yakan komo da hotuna. Da wuya ya komo da irin wannan sani. Shawarata ita ce tafiya ɗaya ko biyu masu nisa, a lokacin hutu, sauran ƙarshen mako kuwa a ba garin da ake zaune da ƙauyukan kewayensa.

Inda al'amarin ya fi bukatar natsuwa shi ne bukukuwa, domin ɗalibin zangon hunturu yana faɗawa tsakiyar Kirsimeti ko ya so ko bai so ba. Tun daga ƙarshen Nuwamba kasuwannin bikin suke buɗewa a dandalin kowane birni, wasunsu tsofaffi ƙwarai, kamar ta Diresdin wadda ake danganta asalinta da 1434. Rana tana faɗuwa a Barlin kafin ƙarfe huɗu na yamma, har azahar da la'asar da magariba su taru cikin awa huɗu. Sa'an nan daga yammacin 24 ga Disamba gari ya yi tsit, kantuna su rufe ranar 25 da 26, ɗakunan kwanan ɗalibai su zama kufai domin kowa ya tafi wurin iyayensa. A waɗannan kwanaki ne kewar gida take kama baƙo da ƙarfi, Musulmi ne ko Kirista, domin shi ma Kiristan da ya saba da Kirsimetin Jos ko Kaduna, da sababbin ɗinkuna da rabon shinkafa da ziyarar gida gida, zai tarar da biki na cikin ɗaki wanda ba ya leƙo titi.

Idan a irin wannan lokaci abokin karatu ko malami ya ce maka zo gidanmu mu ci abinci, ka sani ya ba ka abu mafi tsada da yake da shi, domin Bajamushe bai cika shigar da bare cikin wannan dare na iyali ba. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan iyakar abin da Musulmi zai yi a bikin wani addini, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da na gamsu da shi shi ne, ibada daban, haƙƙin maƙwabtaka daban. Ka amsa gayyata, ka gaya wa masu gida tun da wuri cewa ba ka cin naman alade kuma ba ka shan giya, ka san cewa abin sha mai zafi da aka fi sayarwa a kasuwannin nan giya ce, amma akwai na yara wanda babu barasa a ciki, ka tafi da 'yar tsaraba, in lokacin salla ya yi ka nemi wuri cikin ladabi ka yi. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, kuma mutumin da ya ga ka girmama teburinsa ba tare da ka sayar da addininka ba, ya koyi wani abu game da Musulunci wanda jarida ba za ta koya masa ba.

Namu bikin fa? Azumi yana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ƙarshen hunturu, daidai lokacin jarrabawa. Yinin gajere ne, wannan rahama ce, amma Salla ba ranar hutun hukuma ba ce a Jamus. Wajibi ne ɗalibi ya duba jadawalinsa tun farkon zango, ya nemi uzuri a rubuce in akwai karo, ya kuma san masallacin unguwarsu, ko na Turkawa ne ko na Larabawa ko na 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda suke da yawa a Hambug. Sa'an nan ya rama alheri: ranar Salla ya dafa abin da ya iya, ya kira waɗanda suka kira shi a Disamba.

Kirana na ƙarshe ga iyaye ne da jami'o'inmu. Kada a sallami yaro da addu'a da rigar sanyi kaɗai. A zaunar da shi a karanta takardar darussansa tare, a lissafa makonnin zango, a keɓe kwanakin tafiya da na Salla tun yana gida. Ku kuma iyaye, in ya kira waya, ku rage tambayar garuruwa nawa ya gani, ku tambaye shi darasi nawa ya halarta a makon nan, da sunan maƙwabcin ɗakinsa.