Takarda ba ta tsayar da mota

Ƴan uwa manoma, kaka ta yi. Ranar kasuwa muna ɗora buhunan hatsi da na wake bisa mota, mu ma mu hau bisansu. A cikinmu, wa ya taɓa tambayar direba lafiyar birkinsa?

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Doka ta ce a riƙa kai mota wurin awo, wato bizit teknik. Can ake duba birki, taya, fitila da sitiyari. A ganinmu, awon da ya tsaya ga buga hatimi ba awo ba ne. Bisa hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, in saniya ta tsallaka kwalta, birki ne ke tsayar da mota, ba takarda ba. Kuma in direba ya ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau 4.

Akwai kuma maganar ƙara. Samari suna fasa bututun hayaƙin moto don a ji wucewarsu. Ƙara mai tsanani tana cin ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. Muna roƙon masu awo su duba wannan ma.

Mu kuwa, in mun ga taya ta cinye har zare ya fito, mu jira mota ta gaba, ko da za mu rasa cinikin safe.