Wikipedia ta Hausa: Sabon shiga ma yana buƙatar maigida

Idan aka shirya taron koyar da rubutu a Wikipedia ta Hausa, matasa kan zo da zumuɗi. Bayan wata guda kuwa, da yawansu sai ka neme su ka rasa. Me ke korarsu?

Ba tsadar data ce kaɗai ba. Yaro zai zauna ya rubuta tarihin unguwarsu, Sabo ta Ibadan ko Agege, yadda ya ji a bakin kakansa. Kwana biyu sai ya tarar an goge, domin a Wikipedia kowace magana sai da madogara a rubuce. Ba wanda ya yi masa bayani. To, ina zai dawo?

Alhali madogarar tana nan. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916, kuma a 1969 Abner Cohen ya wallafa littafi a kanta, har da bayanin cinikin goro da shanu. Da wani ya nuna wa yaron, ai da rubutunsa ya tsira.

Mu mazauna Kudu mun san maganin wannan tun kaka da kakanni. Baƙo ya sauka da shanunsa, maigida ne ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa. Gidauniyar Wikimedia ta ƙirƙiro tsarin haɗa sabon shiga da jagora, amma ba ya aiki sai tsofaffin hannu sun yarda su ɗauki nauyin.

Kowane gwani ya riƙe ko mutum biyu ne, ya duba rubutunsu na farko, ya gyara kafin a goge. In ba haka ba, tarihin zangonninmu sai dai wasu su rubuta mana.