Birnin Ƙudus: Shaida Kafin Hukunci

Tun ranar 6 ga Disamba 2017, da shugaban Amurka Donald Trump ya shelanta wa duniya cewa ƙasarsa ta amince da Birnin Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, sannan ya bi maganarsa da aiki ranar 14 ga Mayu 2018 aka buɗe ofishin jakadancin Amurka a can, alhali kuwa a wannan yini sojojin Isra'ila sun harbe Falasɗinawa kusan 60 a bakin shingen Gaza, wannan mas'ala ba ta sake kwantawa ba. Duk sa'ad da wata ƙasa ta bi sahu, kamar yadda Guwatemala da Honduras da Kosobo suka yi, sai gardama ta tashi sabuwa a majalisun hira da gidajen rediyo, galibin masu magana kuma tambaya guda suke yi, wato shin birnin na wane ne. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga wannan, domin ƙasar da ke nesa, wadda ba ta da gida ko gona a Ƙudus, idan ta ce ta amince birnin fadar wane ne, ba mallaka ta yi ba, ba kuma kyauta ta bayar ba, tun da ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Shaida ta bayar. Abin dubawa ke nan shi ne ko ya halatta a ba da irin wannan shaida a kan dukiyar da ake shari'a a kanta, tun alƙali bai zauna ba.

Adalci ya wajabta a fara da hujjar waɗanda suka ce a amince, don ba hujjar banza ba ce. Suna cewa Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a nan ya kafa fadarsa kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗansa Annabi Sulaimanu kuma a nan ya gina ɗakin ibada, Yahudawa kuwa, duk inda warwatsuwa ta jefa su bayan Rumawa sun rushe birnin a shekara ta 70, nan suke fuskanta idan za su yi addu'a. Suna ƙarawa da cewa tun Disamban 1949 majalisar dokokin Isra'ila da galibin ma'aikatunta a yammacin birnin suke, har shugaban Masar Anwar Sadat, da ya je neman sulhu a Nuwamban 1977, a wannan majalisa ya tsaya ya yi jawabi. Kowace ƙasa ita ke zaɓen fadarta, don me za a ware Isra'ila ita kaɗai a ce sai an zaɓar mata? A taƙaice da'awarsu biyu ce, gado da daɗewar riƙo.

To, daɗewar riƙo abu ne da fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya suka daɗe da yi wa babi, shi ne abin da alƙalai ke kira hauzi. Ƙa'idar, kamar yadda duk ɗalibin da ya sauke Risala ya sani, ita ce mutum idan ya riƙe gida shekara goma yana rushewa yana ginawa, mai da'awa kuwa yana garin, yana gani, bai ce uffan ba, babu kuma wani abin tsoro da ya ɗaure masa baki, to, ba a sauraren ƙararsa bayan haka. Sai dai duk nauyin hukuncin a kan shirun mai da'awa ya rataya. Idan ya yi magana, ko aka tabbatar ƙarfi ne ya hana shi, hauzi ya ɓaci, ko da an shekara ɗari ana riƙo. Na san dokar ƙasa da ƙasa ba daga Risala aka ciro ta ba, amma a wannan gaɓa bakinsu ɗaya, domin ginshiƙin da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a kansa a 1945 shi ne ƙasar da aka ci da yaƙi ba ta zama halaliyar wanda ya ci ta.

A Ƙudus kuwa ba a taɓa yin shiru ba. Ƙudurin rabon Falasɗinu na 29 ga Nuwamba 1947, wanda shi ne takardar da Isra'ila kanta ta kafa hujja da ita ranar da ta shelanta kafuwarta, bai ba Yahudawa birnin ba, bai ba Larabawa ba. Keɓe shi ya yi, shi da Baitalami, ya ce a riƙe su amana a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. Yaƙin 1948 ya tsaga shi biyu, yamma ga Isra'ila, gabas da tsohon birni ga Urdun. A Yunin 1967, cikin yaƙin kwana shida, Isra'ila ta kama gabashin, kafin mako ya zagayo kuma ta rushe Unguwar Magariba, gidaje kimanin 135 na wakafi, don a share fili gaban bangon da Yahudawa ke addu'a, wanda Musulmi ke kira Bangon Buraƙa. Da majalisar Isra'ila ta kafa doka a Yulin 1980 cewa Ƙudus dukkanta, a haɗe, ita ce fadar ƙasar, Kwamitin Sulhu ya mayar da martani da ƙuduri mai lamba 478, ƙasashe 14 suka goyi baya, Amurka ta ƙaurace ba tare da ta hau kujerar na ƙi ba, aka ce dokar ɓatacciya ce, ofisoshin jakadanci 13 da ke birnin suka tattara komatsansu. A yarjejeniyar Oslo ta 1993 kuwa Isra'ila da hannunta ta sa hannu cewa makomar Ƙudus tana cikin abubuwan da sai an zauna an yi shawara. Wanda ya yarda a rubuce cewa magana tana gaban shari'a, yaya zai juyo ya nemi shaidu su tabbatar masa da mallaka a bayan idon abokin shari'arsa?

Akwai kuma wata shubuha da ke cikin sunan kansa, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Ƙudus ta annabawa, wadda zukata ke bege, ƙaramar aba ce, tsohon birnin da Sarkin Musulmi Sulaimanu na Daular Usmaniyya ya kewaye da ganuwa bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Amma Ƙudus ta dokar 1980 wata halitta ce daban, domin a 1967 an ja iyakar birnin ta haɗiye kimanin murabba'in kilomita 70 na Yammacin Kogin Urdun, alhali gabashin birnin da Urdun ta mulka kimanin 6 ne kawai. Sauran duk gonaki ne da tuddan ƙauyukan Falasɗinawa, waɗanda aka lulluɓe da suna mai alfarma aka gina wa Yahudawa 'yan kama wuri zauna fiye da 200,000 unguwanni a kai. Falasɗinawan birnin kuwa, da suka haura kashi ɗaya bisa uku na mazaunansa, galibinsu ba 'yan ƙasa ba ne a idon hukumar da ke mulkinsu. Takardar izinin zama suke riƙe da ita, kamar baƙin da suka zo ci-rani, ba sa zaɓen majalisar da ke zaune a garinsu, wanda ya daɗe a waje kuma ana iya soke tasa, an kuwa soke ta mutum fiye da 14,000 tun daga 1967. Trump ya ce a jawabinsa bai yanke hukunci a kan iyakoki ba, amma ba a yi wata biyu ba ya fito yana alfahari cewa ya fitar da batun Ƙudus daga cikin abin da za a yi shawara a kai, wanda hakan ya nuna riga malam masallaci aka yi da gangan.

Yanzu bari in juyo ga 'yan'uwana Musulmi, domin a nan ne maganata za ta fi ɗaci. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa alfarmar wuri ita ce hujjar mayar da shi fadar mulki, wato tun da Ƙudus ce alƙiblarmu ta farko, can aka yi Isra'i, masallacinta kuma yana cikin ukun da ake ɗaura niyyar tafiya dominsu, to, wajibi ne ta zama kujerar sarauta. Wannan ƙiyasi shi ne ainihin ƙiyasin da abokan jayayyarmu ke yi, salla ce kawai ta bambanta, tarihin magabatanmu kuwa bai goyi bayansa ba. Sayyidina Umar ya taka da ƙafarsa ya karɓi birnin daga hannun babban limamin Kirista Safroniyus wajen shekara ta 16 bayan Hijira, ya ba mutanensa amana, ya koma Madina. Mu'awiya a Ƙudus aka yi masa mubaya'a, amma daga Dimashƙa ya yi mulki. Abdulmalik ɗan Marwan ya zuba dukiya mai ɗimbin yawa ya gina Ƙubbatus Sahra, wadda aka gama a shekara ta 72, bai kuwa matsar da fadarsa ba. Ɗansa Sulaimanu ma, da yana gwamnan Falasɗinu, sabon gari ya gina a fili, Ramla, ya mai da shi mazaunin hukuma. Salahuddin, da ya ƙwato birnin a 1187, ya wanke masallaci, ya kafa mumbari, ya tsayar da makarantu da wakafai, sannan ya ci gaba da mulki daga Dimashƙa. A tsawon waɗannan ƙarnuka, waɗanda kawai suka mai da Ƙudus fadar daula su ne mayaƙan gicciye, da suka shige ta a 1099 ta kan gawawwakin Musulmi da Yahudawa.

Ban ce haramun ne a haɗa harami da fada ba, ai Madina ta haɗa su a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da halifofi uku. Abin da nake cewa shi ne kujerar mulki tana jawo wa wurin da aka girka ta duk irin masifar da ke bin mulki. Da Abdullahi ɗan Zubairu ya mai da Makka cibiyar halifancinsa, sau biyu aka kewaye ta da runduna: a shekara ta 64 bayan Hijira wuta ta kama Ka'aba, a ta 73 Hajjaju ya kafa majaujawar yaƙi a kan duwatsu yana jifa har aka kashe Ibn Zubairu. Ko a zamaninmu, gidan Sa'udu da ke hidimar Harami biyu a Riyad suka bar fadarsu. A farfajiyar Masallacin Aƙsa kuwa, a bakin ƙofarsa aka harbe Sarki Abdullahi na Urdun ranar wata Juma'a a Yulin 1951, a cikinsa kuma wani Bature ɗan Ostireliya ya cinna wuta a Agustan 1969 ta cinye mumbarin nan na Salahuddin.

Laifi kuma tudu ne. Shekara 19 da Urdun ta yi tana riƙe da tsohon birni, Yahudawan Isra'ila ba su sami isa ga bangonsu ba, duk da cewa yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1949 ta tanadi hakan, unguwarsu ta zama kufai, majami'unsu da dama aka rushe. Wanda ya ɓoye wannan don ya ƙarfafa hujjarsa ya raunana ta ne, domin abin da wannan zamani da wanda ya biyo bayansa suka nuna a tare shi ne duk hukumar da ta riƙe birnin ita kaɗai, wani mai ibada zai tsaya a bayan shinge. Jiya Bayahude ne, yau kuwa Bafalasɗinen Baitalami ko Ramalla ne, wanda yana hango ƙubba daga kan tudu amma sai da takardar soja zai je Juma'a.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada a amince, ba don yammacin Ƙudus ba zai taɓa zama fadar Isra'ila ba, a'a, sai don ranar da za a faɗi haka ita ce ranar da za a faɗi cewa gabashinta fadar Falasɗinu ce, a zama ɗaya, da yardar masu haƙƙi. Ostireliya ta gwada faɗin rabin maganar a 2018, ta janye a 2022. Tsohon birni kuwa, wannan ɗan fili da bai kai wata unguwa ta Kano girma ba, ya fi dacewa da hukuncin wakafi, abin da ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, sai dai a naɗa masa masu kula. Wannan ba mafarkin malamai ba ne. Moshe Dayan, ministan tsaron Isra'ila lokacin da ta ci birnin da yaƙi, ya bar gudanar da Haramin Aƙsa a hannun hukumar wakafi ta Musulmi, yarjejeniyar Isra'ila da Urdun ta 1994 ta tabbatar da matsayin gidan sarautar Hashimawa na Urdun a kan wuraren ibadar Musulmi, firayim ministan Isra'ila Ehud Olmert ma a 2008 ya kawo shawarar a danƙa tsohon birni da kewayensa ga amintattu biyar, Isra'ila da Falasɗinu da Urdun da Sa'udiyya da Amurka. Mabuɗin Cocin Ƙiyama, wuri mafi tsarki ga Kirista, ƙarnuka ke nan yana hannun gidajen Musulmi biyu, ɗaya na ajiyewa ɗaya na buɗewa, saboda ɗariƙun Kirista sun fi natsuwa da amintaccen da ba ya cikin rabon.

Da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna ranar 21 ga Disamba 2017, ƙasashe 128 suka ƙi amincewa da matakin Amurka, 9 suka goyi bayanta, 35 suka ƙaurace. Nijeriya da Nijar suna cikin 128 ɗin, ofishin jakadancin Nijeriya kuma yana Tel Abib, can ya kamata ya ci gaba da zama. Ƙasar da Kiristocinta ke zuwa ziyarar Ƙudus kowace shekara, Musulminta kuma ke ambaton Aƙsa a huɗuba, ba ta da ribar shiga shaidar da za ta raba kan 'ya'yanta. Muna ma da jini a wurin. Dab da Ƙofar Nazir, ɗaya daga ƙofofin Harami, akwai tsofaffin ribaɗi biyu na zamanin Mamluka da ke fuskantar juna, mazaunansu kuwa jikokin alhazan Takruru ne, Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Cadi da Sudan da Senegal, waɗanda kakanninsu suka sauke farali a Makka suka zarce ziyara, wasu aka ba su gadin ƙofofin masallaci, suka yi aure suka zauna. Su ma galibinsu takardar izinin zaman nan suke riƙe da ita, a cikin ɗakunan da aka haifi iyayensu, taku kaɗan daga ƙofar da kakanninsu suka tsare.