Ba Kowace Taɓuwa Ce Ta Aljanu Ba

'Yan'uwana matasa, akwai zaluncin da muke yi wa marasa lafiya da sunan addini, kuma ba zan yi shiru a kansa ba.

A ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, idan mutum ya kwana uku bai runtsa ba, yana ta zuba ba tsayawa, ya kai shanun gado kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya karyar da su, ya ce shi waliyyi ne, nan take sai mu ce iska ce. Bayan 'yan makonni kuma ya kulle kansa a ɗaki, ya ƙi abinci, ya ce mutuwa ta fi masa, sai mu ce raunin imani. Alhali likitoci sun san wannan ciwo, suna kiransa baifola: zumuɗi mai wuce iyaka da baƙin ciki mai tsanani ne suke karɓa-karɓa a ƙwaƙwalwa, kuma yakan bi jini.

Ban musa samuwar aljanu ba, ban kuma raina ruƙiyya ba. Amma wace aya ce ta halatta mari da bulala da hayaƙin barkono? A shekarar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane ɗaure da sarƙa daga wasu gidaje a Kaduna da Daura. Shari'ar da ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe ba za ta yarda a doke shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, littafi guda ya rubuta kan lafiyar jiki da ta rai, bai ga hakan ya saɓa wa tauhidi ba.

Magani yana nan. Tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya gano amfanin litiyom. Yana daidaita yanayin mai ciwon, da sharaɗin a riƙa gwada jini, kuma kada a daina sha don an ga sauƙi. Ko a watan azumi, likita ne zai faɗi yadda za a sha. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da na Dawanau ba su fi ƙarfin kuɗin mota ba.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Ku yi wa ɗan'uwanku addu'a, sannan ku kai shi asibiti. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bari ya kwana shi kaɗai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.